Wa'azi a Bakin Akwatin Kuɗi: Yadda Ake Haɗa Wasan Kwaikwayon Adawa da Manyan Kantuna

A ƙarshen shekarun 1990, Dandalin Times na birnin New York cike yake da masu wa'azin bakin titi, kowa da lasifikarsa. Ɗaya daga cikinsu ya fita daban. Yana sanye da farar kwat da farin wuyan riga irin na limaman coci, gashinsa an rina shi an tayar da shi sama kamar na fastocin talabijin, kuma wurin tsayuwarsa ƙofar kantin Disney. Shaiɗanin da yake gargaɗin mutane a kansa shi ne Mickey Mouse, ɓeran zanen katun na kamfanin Disney. Sunan mutumin Bill Talen, ɗan wasan kwaikwayo ne haifaffen jihar Minnesota a 1950, wanda ya ƙirƙiri wannan fasto na wasa mai suna Rabaran Billy, tare da shawarar wani limamin coci na gaske, Sidney Lanier. Daga baya aka kafa masa ƙungiyar mawaƙa da ake kira Cocin Daina Sayayya, kuma matarsa Savitri D ce darektar da ke tsara wasannin.

Wanda ya taɓa kallon ɗan kama, da rawaninsa da allonsa, yana rera karatu da muryar malamai alhali tuwo da miya yake lissafawa, ya riga ya fahimci rabin dabarar. Ana aron siffar da jama'a suka saba girmamawa, a zuba mata wani zance, sai kunne ya tsaya saurare kafin hankali ya gane abin da ake ciki. Bambancin shi ne Talen da mutanensa ba dariya kaɗai suke nema ba. Suna da ƙara a kan kamfanoni, kuma cikin kantin kamfanin suke shigar da ita.

Ƙarar kuwa tana da tushe. A lokacin da Rudy Giuliani yake magajin garin New York, daga 1994 zuwa 2001, an share Dandalin Times daga ƙananan 'yan kasuwa da masu tebur, manyan kamfanoni suka maye gurbinsu. Disney ta gyara tsohon gidan wasan New Amsterdam ta sake buɗe shi a 1997. A waɗannan shekarun ne kuma rahotanni suka fito kan ɗan abin da ake biyan masu ɗinka tufafin Disney a ƙasar Haiti. Kanti mai rassa dubbai yana iya biyan hayar da mai shago ɗaya ba zai iya ba, saboda haka da ya shigo unguwa sai haya ta tashi wa kowa. Yana sayen kaya da yawan da zai iya tilasta wa manomi ko masana'anta su karya farashi. Ribar da ya samu ba ta kwana a unguwar, tana tafiya hedikwata. Starbucks, mai shagunan shan kofi, da ta fara da shago ɗaya a Seattle a 1971, yanzu tana da rassa fiye da 30,000 a duniya, Walmart kuma, mai manyan kantunan kayan masarufi, da aka buɗe a Arkansas a 1962, tana da fiye da 10,000. Duk wannan ana iya rubuta shi a takarda a raba, amma mai sayayya da ya riƙe jaka a hannu ba ya karanta takarda. An tsara kantin ne, daga haskensa zuwa kiɗan da ke tashi a hankali zuwa jerin kayan da ke kusa da kashiya, don kada mutum ya tsaya tunani. Aikin wasan shi ne ya katse wannan na 'yan mintuna.

Abu na farko da mai shirya irin wannan wasa yake tambaya shi ne: ƙasar da zan tsaya a kai ta wa ce? A Amurka, bakin titi na jama'a ne, kuma gyaran farko na kundin tsarin mulki ya kare magana a wurin, ko da yake a New York amfani da lasifika yana buƙatar takardar izini daga 'yan sanda. Da ka tsallaka ƙofar kanti, lissafi ya canza. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wata babbar cibiyar kantuna a Portland cewa masu ita suna da ikon hana raba takardun adawa da yaƙin Biyetnam a cikinta. A 1980, a shari'ar cibiyar Pruneyard ta Kalifoniya, kotun ta yarda cewa jiha tana iya bai wa mutanenta ƙarin 'yanci a irin waɗannan wurare, amma jihohi ƙalilan ne suka bi wannan hanya, kuma ko a Kalifoniya an fi fassara shi a kan filayen taruwa na cibiyar, ba cikin shago ba. A Ingila, dokar 1994 ta ƙirƙiri laifin shiga wurin wani da niyyar hana aikin halal gudana. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne: mai saye baƙo ne da aka gayyata, kuma gayyatar tana ƙarewa a daidai lokacin da manaja ya ce a fita. Daga wannan kalma zuwa isowar 'yan sanda, shi ne tsawon fagen wasan. Duk tsarin a kan wannan ɗan taƙin ake gina shi.

Shi ya sa ake fara aikin kwanaki kafin ranar. Mutum biyu ko uku sukan shiga a matsayin masu saye, a irin ranar da irin lokacin da za a yi wasan. Suna ƙirga ƙofofi, suna duba wadda take buɗewa da kanta da wadda sai an tura, suna lura da inda mai gadi yake tsayawa da ko na kantin ne ko ɗan sanda ne da ke aikin bayan fage, domin na biyun yana iya kama mutum nan take. Suna auna ƙarfin kiɗan da ke cikin shagon, saboda manaja mai wayo yakan ƙure shi don ya danne muryoyi. Suna neman wurin da murya take dawowa: ƙarƙashin rufi mai tsawo, kusa da gilashi, nesa da injin niƙa kofi. Suna kuma tabbatar da hanyar fita wadda ba ta bi ta gaban layin masu biyan kuɗi ba.

Mutum goma zuwa ashirin sun isa ƙaramin shago irin na kofi. Fiye da haka ya zama toshe hanya, kuma toshe hanya laifi ne dabam. Ba a shiga a tare. Ana shiga bibbiyu ko uku-uku, da tazarar minti ɗaya ko biyu, kowa ya sayi ƙaramin abu ya riƙe rasiɗinsa, ya zauna inda aka tsara masa, a warwatse yadda in waƙa ta tashi za a ji ta daga kowace kusurwa. Rigunan mawaƙa suna cikin jaka ko ƙarƙashin kwat. Shugaban wasan shi ne na ƙarshen shiga, domin shi ake ganewa.

Matakin farko galibi ɓoyayye ne, kuma a nan ne aka ɗauko darasi daga Augusto Boal, ɗan Birazil da ya ƙirƙiri wasan kwaikwayo marar ganuwa a farkon shekarun 1970 lokacin yana gudun hijira. A tsarin Boal, ɗan wasa zai ci abinci a gidan abinci ya ce ba shi da kuɗin biya, wasu 'yan wasan da ke zaune a teburori dabam su fara gardama kan albashin ma'aikatan wurin, har baƙin gaske su tsoma baki ba tare da sanin wasa ake yi ba. Mutanen Talen sun mai da wannan zuwa wayar salula. A cikin kantin Disney, kowane ɗan wasa zai kara waya a kunne yana jayayya da matarsa ko mijinta na ƙarya kan ko ya dace a saya wa yaro abin wasan da aka ɗinka da gumin talaka. Ana farawa da murya ƙasa-ƙasa, a riƙa ɗagawa, har mutum goma sha biyu su kasance suna faɗin abu ɗaya da ƙarfi a wurare dabam-dabam. A Starbucks kuma sukan shirya ma'aurata biyu su yi faɗa a teburi kan inda kuɗin kofinsu yake zuwa. Amfanin wannan mataki shi ne babu dokar da ta hana mai saye magana a waya, saboda haka agogon manaja bai fara bugawa ba. Haɗarinsa kuma shi ne 'yan wasa su yi gaggawa. In muryoyi suka tashi cikin daƙiƙa talatin, an gane shiri ne, kuma mai sauraron da ya gane da wuri yakan rufe kunnensa. Minti uku zuwa biyar na hawa a hankali ya fi.

Sai alama. Tana iya zama shigowar faston, ko wata mawaƙiya ta ɗaga murya ɗaya mai tsawo. A nan ne riguna suke fitowa, a fara tafi da amshi irin na cocin baƙar fatar Amurka, faston ya soma wa'azi. Waƙar ba ado ba ce. Mai gadi ya san yadda zai yi da mutum ɗaya mai ihu, amma bai san wanda zai fara kamawa ba a cikin mutum ashirin da ke rera waƙa mai daɗi da haɗin murya, kuma masu sayayya sukan tsaya da kansu su zama katanga. Don haka dole waƙar ta yi kyau da gaske. Ƙungiyar Savitri D tana atisaye kamar kowace ƙungiyar mawaƙa, tana da daraktan kiɗa, kuma tana yin wasa a gidajen kallo inda ake biyan kuɗin shiga. Masu kwaikwayonsu da yawa a nan suke faɗuwa: sukan kawo fushi mai yawa da waƙa marar daɗi, jama'a su ɗauke su masu damun mutane.

Wa'azin kansa gajere ne, kuma magana ɗaya yake ɗauka wadda za a iya tabbatarwa. Misali mai kyau shi ne rikicin Habasha da Starbucks a 2006 da 2007, lokacin da gwamnatin Habasha ta nemi mallakar sunayen kofinta na Sidamo da Harar da Yirgacheffe a matsayin tambarin kasuwanci, ƙungiyar Oxfam ta zargi kamfanin da kawo cikas, har aka cimma yarjejeniya a 2007. Wannan zance ne da mai riƙe da kofi a hannu zai iya kamawa: ga sunan yankin a jikin fakiti, ga manomin da ke can. Wa'azin da ya tattaro jari-hujja da ɗumamar yanayi da bashi da talla duk a numfashi ɗaya ba ya barin komai a kan mai sauraro.

Akwai mutanen da ba a gani a bidiyo, kuma in babu su wasan yana rushewa. Ɗaya aikinsa magana da manaja da 'yan sanda: ya je da fara'a, ya ce waƙa ce, babu wanda zai taɓa kaya, za a fita nan da minti kaza. Kowace tambaya da ya amsa a natse ƙarin lokaci ce ga mawaƙa. Ɗaya yana riƙe da agogo, shi ne mai ba da alamar fita. Masu ɗaukar hoto aƙalla biyu ne, ɗaya a ciki ɗaya a waje ta gilashi, saboda na ciki shi ake fara korar. Akwai mai sa ido na shari'a da ke rubuta lokaci da lambar kowane ɗan sanda. A Amurka ana gane na ƙungiyar lauyoyi ta National Lawyers Guild da korayen hulunansu. Masu raba takarda suna tsaye a bakin titi inda doka take tare da su. Kafin a tashi daga wurin taro, kowa ya faɗi ko ya yarda a kama shi ko bai yarda ba, kuma wanda takardun zamansa a ƙasar ba su da ƙarfi, ko yake da tsohuwar shari'a, wurinsa waje. Waɗanda suka yarda sukan rubuta lambar lauya a damtse da alƙalamin da ba ya gogewa, domin waya ita ce abu na farko da ake karɓewa.

Kamfanoni ma sun koyi nasu karatun. Starbucks ta aika wa rassanta na New York takardar cikin gida kan abin da ma'aikaci zai yi in Rabaran Billy ya shigo: kada a tanka masa, a roƙe shi ya fita cikin ladabi, in ya ƙi a kira 'yan sanda. Takardar ta fita waje, Talen ya mai da tambayar da ke saman takardar, wato me zan yi in Rabaran Billy yana cikin shagona, sunan littafinsa na 2003.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne taɓa kaya. Sanannen abin da faston yake yi shi ne ɗora hannu a kan na'urar karɓar kuɗi yana addu'ar korar shaiɗan daga cikinta. A ido abin yana da ƙarfi, amma a doka hannu a kan na'ura ya sa ciniki ya tsaya. A 2004 ya yi haka a wani reshen Starbucks a Northridge da ke Kalifoniya, aka gurfanar da shi, kotu ta hana shi kusantar rassan kamfanin a jihar da tazarar yadi 250, ya kuma yi 'yan kwanaki a gidan yarin Los Angeles. A 2013 shi da daraktan kiɗansu Nehemiah Luckett sun shiga wani reshen bankin Chase a Manhattan tare da mawaƙa sanye da kawunan kwaɗon zinariya, wani kwaɗo na ƙasar Kosta Rika da ba a sake gani ba tun 1989, don nuna adawa da kuɗin da bankin ke zubawa a harkar kwal da mai. Wasan kimanin minti goma sha biyar ne, amma tuhumar farko tana iya kai su shekara guda a kurkuku kafin daga baya a sassauta ta. Rufe fuska a cikin banki yana tsorata ma'aikata, kuma tsoron da wani ya ji shi ne abin da mai gabatar da ƙara yake ginawa a kai.

Wannan ya kai ga kuskuren da ya fi kowane muni a wurina, wato a mai da ma'aikaci abin wasa. Yarinyar da ke bayan kanta ba ita ta sa farashin kofin Habasha ba, ba ita ta tayar da hayar unguwa ba, kuma ita ce za ta sha faɗan manaja in an tafi. Wasan da ya bar ta tana rawar jiki ya ci amanar abin da ya fito karewa. Masu hankali sukan faɗa da babbar murya tun farko cewa da kamfani suke, su ambaci albashin ma'aikata a cikin wa'azin, su bar wurin da tsabta kamar yadda suka same shi. Haka nan kiran a daina sayayya yana da wurin da ya dace da shi. A gaban mai sayen kyautar Kirsimeti ta goma da katin bashi, magana ce mai amfani. A gaban uwa da ta zo Walmart saboda nan ne madara ta fi araha, cin fuska ne. Wataƙila shi ya sa salon da aka fara a Troy ta jihar New York a 2001 ya yaɗu: mutane su shiga Walmart su ɗauki keken zuba kaya, su yi ta zagaya layuka a jere, shiru, keken babu komai, har awa guda. Ba a ce wa kowa ya yi laifi ba, kuma da wuya manaja ya faɗi dokar da aka karya.

Takardar da ake rabawa a waje ma tana da nata tarko. A Landan, McDonald's, mai gidajen sayar da abinci, ta kai Helen Steel da David Morris ƙara kan ɓata suna saboda wata takarda da ƙungiyarsu ta raba. Shari'ar ta fara a 1994, aka yanke hukunci a 1997 bayan zama 313, alƙali ya yarda da wasu zarge-zargensu, kamar na ƙarancin albashi da tallan da ke cin moriyar yara, amma ya ce su biya fam 60,000 kan sauran, aka rage zuwa 40,000 a ɗaukaka ƙara. Sai a 2005 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce an tauye musu haƙƙi da aka hana su tallafin lauya. Kamfanin ya sha kunya, amma mutum biyu sun ba da shekaru fiye da goma na rayuwarsu. Kowace jimla a takarda sai an san inda za a nuna hujjarta.

Wasu sukan haɗa wannan salo da abin da José Bové ya yi a Millau ta Faransa a watan Agustan 1999, lokacin da shi da manoma suka kwance wani gidan McDonald's da ake ginawa, suka loda sassansa a tarakta suka kai ƙofar ofishin gwamnati, don fushin harajin da Amurka ta ɗora wa cukunsu na Roquefort. Akwai wasan kwaikwayo a ciki, amma akwai ɓarnar dukiya, kuma an yanke masa ɗaurin wata uku. Hanya ce dabam da farashi dabam.

To, me wasan yake cimmawa? Ba ya rufe kanti, kuma cinikin ranar ba ya raguwa da wani abin kirki. Ranar Kada a Sayi Komai, wadda Ted Dave ya fara a Vancouver a 1992, mujallar Adbusters ta yaɗa ta aka kuma ɗora ta a kan Black Friday, wato Juma'ar rangwame ta ƙarshen Nuwamba da ake rububin sayayya a Amurka, ba ta hana turmutsutsun da ya kashe wani ma'aikacin Walmart a Long Island a 2008 ba. Inda ake ganin sakamako shi ne inda wasan ya jingina da wata buƙata da wani zai iya sa wa hannu. A watan Oktoban 2012 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bayyana cewa Starbucks ta biya harajin kamfani na fam miliyan 8.6 kacal a shekara 14 a Birtaniya. Ƙungiyar UK Uncut ta sanar da cewa a Disamba za ta mai da rassan kamfanin wuraren renon yara da mafakar mata, don nuna ayyukan da gwamnati ke yankewa da sunan rashin kuɗi. Kafin ranar ta zo, kamfanin ya yi alkawarin biyan kusan fam miliyan 20 cikin shekara biyu. Ga adadi, ga majalisa da ke bincike, ga 'yan jarida, wasan ya zo ya ba abin fuska. A San Francisco kuma, tun daga 2004, dokar gari ta sa kanti mai rassa 11 ko fiye ya nemi izini na musamman kafin ya buɗe a wasu unguwanni, kuma maƙwabta suna da damar zuwa su yi magana. Irin wannan zama na hukumar tsara gari ba ya jan kyamara, amma a nan ake hana kanti shigowa, kuma ƙungiyar da ta iya cika ɗakin da mutane masu waƙa tana da amfani a wurin fiye da a bakin kashiya.

Matsalar da ke gaban masu wannan salo yanzu ita ce fagen nasu yana ƙaura. Sayayya da yawa ta koma intanet, babu layi, babu kanta, babu na'urar da za a ɗora wa hannu. Tun daga Black Friday ta 2020, gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago da masu fafutuka suna shirya zanga-zanga kan Amazon, babban kamfanin sayar da kaya ta intanet, a ƙasashe da dama, kuma wurin taron ya zama ƙofar manyan rumbunan ajiyar kaya a bayan gari. A can masu kallo ma'aikata ne da direbobi a lokacin canjin aiki, mutanen da ke sauri kuma kyamarar kamfani tana kallonsu, saboda haka wasan yana komawa gajere, a tsaya a gefen hanyar gwamnati, kuma ma'aikatan ne ke faɗin abin da za a rera.